Kwamfutar Gandu

Malumfashi, watan Agusta

Ƙanena Saviour,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ya Legas, ya aiki? Mu nan sai godiya. Ruwa ya zauna, masara ta yi goyo. Tsohuwa tana gaishe ka, idonta kuwa sai ƙara dushewa yake yi.

Na ba Murtala direba takardar nan ne saboda wayarka ta zama ta manya. In ta shiga ba a ɗauka, in an ɗauka sai "Yaya, zan kira ka."

Maganar kwamfutar shagonmu ce, wadda muka haɗa ni da kai kafin ka tafi. Ta gaji. Kyamarorin yanzu hotonsu nauyi gare shi, in na ba ta bidiyon aure guda ta haɗa, sai ta yi ta gurnani tun hantsi har la'asar, ni kuma ina zaune ina kallon layin nan mai nuna ci gaban aikin yana rarrafe. Makon jiya iyayen wata amarya suka zo daga Kafur karɓar nasu, suka zauna har suka cinye gyaɗar da suka taho da ita, suka koma hannu rabbana. Na ji an ce bidiyon auren ƙanwarta Funtua za su kai.

Ga kaka tafe, ka san yadda take: aure, bikin godiya a coci-coci, sai Kirsimeti. To lokacin canza firosesa, wato zuciyar injin, ya yi ne, ko in ƙara haƙuri? In ya yi, wanne? In ka zaɓa, ka taho da shi ka sa da hannunka.

Ba zan ɓoye maka ba, ba kwamfutar kaɗai ke son ganinka ba. Tun rasuwar matata Murna gidan nan ya yi mana girma. Ni da Tsohuwa muke cin tuwo, ba abin da ake ji sai ƙarar kwano. Ina kewarka ƙwarai.

Ka huta lafiya.
Yayanka, Mark

*

Legas

Yaya,

Na gaishe ka, a gaida Tsohuwa da kyau. Takarda ta iso, na gode.

Kada ka yi gaggawa. Ba duk nauyin kwamfuta ne laifin firosesa ba. Ka sa ta aiki, ka buɗe shafin nan da ke nuna ƙoƙarin kowane sashe. In ka ga firosesa ya cika maƙil ya tsaya a nan, alhali ram, inda take riƙe aikin da take kan yi, yana da sauran wuri, to shi ne, lokaci ya yi. In ram ne ya cika, ram za ka ƙara, ka bar bawan Allah ya sarara.

In shi ne, ba sai an taɓa allon da yake zaune a kai ba. Na tuna wanda muka saya, gurbinsa zai karɓi sababbi iri biyu. Akwai mai hannu shida, akwai mai hannu takwas. Haka nake wa masu saye bayani: kamar 'yan ƙodago ne a gona, takwas sun fi shida saurin gama kunya, amma sun fi ci. Mai takwas ɗin da muke sayarwa wuta yake sha, ga zafi. Da solar nan taka da zafin bazarar Malumfashi, ni dai mai shida nake ba ka shawara.

Zuwa kam da wuya yanzu, aiki ya yi yawa. Ka kai wa Hussaini na Funtua, wanda muka koyi gyara tare, hannunsa na da kyau. Ka ce ya sabunta manhajar allon kafin ya cire tsohon, in ba haka ba kwamfutar ba za ta tashi ba.

Sai na ji daga gare ka.
Saviour

*

Malumfashi, watan Satumba

Ƙanena,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ga buhun sabuwar masara nan a motar Murtala, ka samu wanda zai niƙa maka.

Na karanta wa Tsohuwa takardarka, don duk wadda ta zo sai ta sa na karanta mata daga sama har ƙasa. Ta saurari maganar hannu shida da hannu takwas tsaf, sannan ta ce, "Shi nasa hannun biyu fa, yaushe za su zo?" Na ce bari in duba akuya.

Na yi gwajin da ka ce. Firosesa ne, ya cika ya tsaya cak, ram kuwa ko rabi bai kai ba. Na kuma yarda da mai shida. Na daɗe da sanin halin solar nan, hadari kaɗan sai ta fara shagwaɓa.

Amma maganar Hussaini, a'a. Ka manta da me muka sayi injin nan? Da masarar gandu ce, ta shekarar da Baba ya rasu, wadda muka nome tare kana ta mitar ciwon baya. Kwamfutar nan ba gayaunata ba ce da zan shuka abin da na ga dama. Gandu ce. A gidanmu ba a taɓa sare ko reshen ɗorawa a gandu ɗan'uwa ba ya tsaye ba, balle a kira bare ya buɗe cikin abu ya cire zuciyarsa. Shi ya sa na yi ta haƙuri da gurnaninta, ko ƙurar cikinta daga waje nake hura mata.

Na san za ka yi dariya, ka ce ƙauyanci. Yi abinka. Zan jira ka har a yanke dawa. In wani aikin ya tsere Funtua kafin nan, ya tsere.

Allah ya kiyaye ka.
Mark

*

Legas

Yaya,

Na gaishe ku. Masara ta iso, na gode sosai.

Ga firosesan nan a ƙaramin kwali, mai shida, sabo fil, da man da ake shafa masa. Na ce wa Murtala kada ya zauna a kai.

Don Allah kada ka kashe sana'arka saboda ni. In maganar gandu ce ke ɗaure maka hannu, to na kwance ka. Na bar maka rabona na kwamfutar da shagon, har da gonar ma, tunda kai ke wahalarta. Naka ne halak malak. Ka kai wa Hussaini gobe-gobe.

Naka,
Saviour

*

Malumfashi, watan Nuwamba

Saviour,

Muna gaisuwa. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa.

Da kwalin ya zo, murna ta sa ban duba takardar ni kaɗai ba, na zauna gaban Tsohuwa na kama karantawa da ƙarfi. Sai da "na bar maka rabona" ta fita daga bakina na ji abin da na faɗa. Ta ce, "To. An raba gandu ke nan." Ta juya ta fuskanci bango. Ranar ko kunu ba ta sha ba.

Na san alheri ka nufa. Amma ka daɗe a Legas, ƙanena. A nan wanda ya bar rabonsa ya ce ne ba zai dawo ba. Raina ya ɓaci, na yi fushi da kai, daga baya fushin ya tafi ya bar ni da abin da ya fi shi ciwo.

Na kai wa Hussaini. Ya yi duk yadda ka ce, ya tambaye ka, na ce kana lafiya. Zaɓinka ya yi daidai. Aikin da ke cin wuni yanzu kafin in gama cin ƙosai ya kammala, ba gurnani, ba zafi. Mutanen Kafur sun dawo, har daga Bakori an kawo aiki. Abin da ban yi tsammani ba shi ne yawan lokacin da ya rage mini. Kafin azahar na gama komai, sai in zauna a benci ina kallon masu babur. Dā ina jira ne, yanzu ba abin jira.

Na kira Baba Gwadabe, ƙanen Babanmu, don shi kaɗai ya rage da zai yi shaida. Ya ce ba a raba gandu a bar ɗaya ya tashi hannu wofi, ko tsohuwar fartanya ce sai an ba shi. Don haka ka duba bakin buhun dawar nan, akwai ƙulli a tsumman zanen Tsohuwa. Tsohon firosesan ne, wanda ka sa da hannunka. Shi ne rabonka.

Allah ya ba ka sa'a a inda kake.
Mark

*

Legas

Yaya,

Na kwance ƙullin a tasha, na zauna a kan buhun har Murtala ya gama sauke kaya. Ba haka nake nufi ba, Allah ya sani.

Ban karɓa ba. Ajiya ce a wurina, kuma ba zan ba direba ya mayar ba. Na nemi hutu, maigidana ya ce sai an ga bayan Kirsimeti, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Kada ka faɗa wa Tsohuwa rana, don ba ni da ita. Amma wannan takardar ka karanta mata da ƙarfi, ka maimaita: ban raba ba.

Ƙanenka,
Saviour