Babanku Ya Ɗaura wa Saniya Takunkuminsa

Auta,

Na tafi kai Babanku asibiti, ban tashe ka ba. Jiya a gonar da yake tatsar shanu, likitan dabbobi ya raba wa masu tatsa takunkumin fuska, ya ce murar shanu tana kama mutum. Babanku ya ce ai saniyar ce ba lafiya, ya cire nasa ya ɗaura mata. Ta cinye shi, ta yi masa atishawa a fuska, shi kuma ya ce mata sannu. Yau ya tashi da zazzaɓi, idanu jawur.

Kada ka sha madarar da ya kawo, ba a tafasa ba.

Wai kuma ka kira mai gonar ka tambayi jikin saniyar. Ni ko kwanana bai tambaya ba.

Mamanku