Makinar da Yayana Bai Ƙarasa Ba

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana da lambata, akwai 'yan unguwarmu a nan, duk wanda kuma ya gane ni daga labarin ya rufa min asiri, Allah Ya rufa nasa. Don Allah ku ba ni shawara, yau Talata, zuwa Juma'a dole in san abin da zan yi, kuma wallahi kaina ya kulle.

Ni bakanike ne, haifaffen Makka, shekarata talatin da huɗu, ina da mata da 'ya'ya biyu. Mahaifinmu Bakano ne, ya zo aikin Hajji tun yana saurayi, Allah Ya yi zamansa a nan, ya buɗe 'yar warsha, wato gareji, a bayan unguwar Rusaifa. Mu biyu ne maza a wurinsa, ni da Yayana, ni ne auta. Yaya ya rasu shekara huɗu da suka wuce, zazzaɓi ne na kwana uku, Allah Ya ji ƙansa. Ku yi haƙuri in kun ga Larabci yana faɗowa cikin Hausata, haka bakinmu yake a nan, kuma za ku ga shi ne ma ya jawo min abin da nake ciki.

Baba da Yaya masu kunne ne. Mota za ta shigo warsha, kafin direba ya gama sallama Baba ya ce fulogi ne, Yaya ya ce na uku, a buɗe a ga haka ne. Ni Allah bai ba ni wannan ba. Sai na tafi Jidda na koyi aikin zamani, in jona kwamfuta a jikin mota ta faɗa min ciwonta. In na zo gida Baba ya yi ta min tsiya, wai Auta ba ya jin maganar mota sai talabijin ta fassara masa. Ana dariya ina dariya, amma ba zan ɓoye muku ba, abin yana cin raina. Tun ina yaro ban taɓa jin Baba ya ce Auta zo ka riƙe min nan ba. Kullum Yaya.

To akwai wata tsohuwar mota a ƙuryar warshar, tun ina firamare take nan. 'Yar Amurka ce ta shekarun sittin, mai ƙofa biyu, doguwar gaba, silinda takwas, irin wadda ake naɗe rufinta a bar sama a buɗe. Ta wani dattijon Balarabe ce da Baba ya daɗe yana yi wa gyara, da ya rasu 'ya'yansa suka ce Baba ya ɗauke ta kyauta, ta tare musu gida. Rana ta cinye rufin tas, sai ƙarafuna, shi ya sa Yaya yake cewa motar nan kullum cikin harami take, kai a buɗe. Na san suna ɗan taɓa ta jefi-jefi shi da Baba, amma ni ina Jidda, ban taɓa tambaya ba, su ma ba su taɓa gayyata ta ba.

Bayan rasuwar Yaya, ciwon suga ya ƙarasa idon Baba, yanzu ko hasken taga ba ya gani. Na baro Jidda na dawo na karɓi warshar. Wata rana ya ce in kai shi, na riƙe hannunsa, ya yi ta lalube har ya iske motar, ya ɗora tafinsa a kan bonet. Can ya ce, "Auta, ka tayar min da ita kafin in mutu. Ina son in ji muryarta." Jama'a, ranar ji na yi kamar an yi min bushara da Aljanna. Karon farko kenan da Baba ya nemi wani abu daga hannuna. Na ce a raina, wallahi sai na yi motar da duk Makka ba a taɓa ganin irinta ba, tsohon nan ya san shi ma ɗan talabijin ya iya.

Shekara biyu na yi a kanta. Na kwance ta tsirara, na yanke duk inda tsatsa ta ci a ƙasa na yi waldar sabon ƙarfe. Na yi odar sabon inji dal daga waje, shi ma silinda takwas, amma na zamani mai kwamfuta, babu kafireta babu shaƙewa. Na sa giya mai shida, birkin faifai a duk tayoyi huɗun, sabon lagireto mai fanka biyu, na sa mata AC, don wanda ya san zafin Makka ya san ba a wasa da shi. Rufin na yi mata sabo, maɓalli kawai za ka danna ya naɗe kansa. Wani Bamaraɗe mai ɗinkin kujeru a Aziziyya ya yi min kujerun fata, na fesa mata ja mai duhu kalar dabino. In lokacin Hajji ya zo kaya su maƙale a Jidda, in zauna ina cizon yatsa. Samarin Larabawa masu haukan mota har layi suke yi suna ɗaukar ta bidiyo, wani ya yi min tayin da ba zan faɗa ba, na ce ko da nauyinta na zinariya ba ta sayarwa ba ce, ta Babana ce. Duk tsawon lokacin nan ban faɗa wa Baba abin da nake yi ba. In ya ce ina aka kwana, in ce ana kai Baba, don so nake in ba shi mamaki.

Tsohon injin kuwa, da na buɗe bonet na tarar da shi rabi a haɗe. Injin mai kai biyu ne, an ɗaure kai ɗaya, ɗayan yana kujerar baya a naɗe cikin wani farin tawul. A gefen hagu na injin akwai wata walda mummuna kamar kashin kaza, har dariya na yi na ce wane ɗan koyo ne ya yi wannan. Na ciro shi da sarƙa, ya yi wata da watanni yana tare min hanya, ranar da wani mai tashlih ya zo, wato masu kwasar matattun motoci da ƙarafuna, na ce ɗauka har da kan ka rage min kaya. Tawul ɗin na ajiye, yana da laushi, da shi na riƙa goge fentin.

Juma'ar da ta wuce waccan, bayan La'asar, na ɗauko Baba da Umma na kawo su. Na zaunar da shi a gaba, yana shafa fatar kujera yana masha Allah. Na murɗa makulli, bugu ɗaya ta tashi, ƙara mai daɗi, ƙasa har rawa take. Ina kallon fuskarsa ina jiran addu'a. Sai na ga ya karkata kai yana saurare, murmushin yana gushewa. Ya ce kashe. Na kashe. Ya ce, "Wannan ba ita ba ce. Ina makinar?"

Ga inda na halaka. Ku a gida inji kuke cewa, namiji ne, shi. Mu a nan makina muke cewa kamar Larabawa, kuma mace ce, ita. Mota ita, makina ita. Ranar da Baba ya ɗora hannu a kan bonet ya ce in tayar masa da ita, ba motar yake nufi ba, abin da ke ƙarƙashin tafinsa yake nufi. Ni da aka haifa cikin wannan yaren, ni da nake cewa makina sau ɗari a rana, ban tsaya na tambaya ba, saboda na riga na ji abin da nake son ji.

Maimakon in yi shiru, sai zuciya ta ɗebe ni, ni dama akwai saurin fushi, ba na musu. Na ce masa shekara biyu ban huta Juma'a ɗaya ba, waccan ruɓaɓɓen ƙarfe ce da ko an haɗa ta sai an yi ta lallashinta da totur kafin ta yi tari. Na ce ko da lu'ulu'u na ƙera mota ba zai gani ba, don ba Yaya ne ya yi ba. Haka na faɗa, ba zai gani ba, ga makaho. Innalillahi. Umma ta ce kai Auta, rufe mana baki. Baba bai ɗaga murya ba, ya sake tambayata ina makinar take. Na kalle shi, bakina ya kuɓuce na ce tana nan a sito. Ya sauke numfashi ya ce alhamdulillahi, mayar da ni gida.

A gida Umma ta ja ni kicin ta faɗa min abin da ban sani ba. Wai shekarar ƙarshe ta rayuwar Yaya, idon Baba ya fara tafiya, ya daina fita, ya daina magana da kowa. Yaya ne ya ɓullo da dabarar makinar don ya fito da shi daga ɗaki. Duk Juma'a bayan La'asar su tafi su biyu, Baba yana taɓawa yana faɗa, Yaya yana ɗaurewa. Sun yi alkawari ranar da ta tashi za su ɗauki Umma su zagaya da ita har Mina, lokacin da tantuna suke babu kowa. Saura kai ɗaya su gama zazzaɓin ya kama shi. Farin tawul ɗin kuwa haramin Yaya ne, wanda ya yi umararsa ta ƙarshe da shi, shi ya naɗe kan da hannunsa don kada ƙura ta shiga. Ni kuma shekara guda ina goge mota da shi. Na durƙusa a kicin ɗin na yi kukan da ko ranar jana'izarsa ban yi ba, na faɗa mata gaskiya cewa babu komai a sito.

Washegari na bazama tashlih. Na sami mutumin, ya tuna ni, ya ce ya habibi ai wannan tuni, an fasa ta an haɗa da sauran ƙarafuna an kai narkawa. Na zagaya filin kaf cikin rana kamar mahaukaci, ko kan nan guda ban samu ba. Amma wani da na sani a Jidda ya samo min irin makinar sak, shekara ɗaya, ƙira ɗaya, yanzu haka tana bayan motarsa, kira ɗaya zan yi ya kawo. Kuma ni na ga waldar nan, na san inda take, na san yadda take, zan iya kwaikwayonta in shafa mata baƙin mai ta tsufa. Matata ta ce in yi, wai tsoho ne mara lafiya, me gaskiya za ta ƙara masa in ba ta kwantar da shi ba, in bar shi ya ƙarasa kwanansa da farin ciki. Umma kuma ta ce ita ba za ta tona ni ba, amma ba za ta tsaya tana kallo mijinta yana shafa ƙarfen wani yana kiran sunan ɗanta ba, ranar za ta bar gidan ta tafi Harami ta wuni. Ta ce kuma kada in raina yatsun Baba, mutumin da yake gane lambar sufana da taɓawa.

Na so in faɗa masa shekaranjiya. Na shiga ɗakinsa na zauna, na fara da neman gafarar maganar da na yi. Bai bari na kai ƙarshe ba. Ya ce shi ne da laifi, ya daɗe yana auna ni da mudun wani. Ya ce motar ta yi kyau, ya ji a jikinsa, in bar sabuwar makinar a ciki, aikina ne. Sannan ya sa hannu ƙarƙashin gado ya jawo tsohon akwatin sufanunsa, wanda ba a buɗe ba tun rasuwar Yaya, ashe ya sa Umma ta fito masa da shi. Ya ce, "Ka fito da tsohuwar daga sito. Zan gane ta ko cikin dubu, akwai kashin kazar Yayanka a gefen hagu. Juma'a bayan La'asar za mu ƙarasa ta, ni da kai. Ni kunne, kai ido. Za ka riƙe min?"

Na ce to Baba. Abin da na iya faɗa kenan, na fito.

Maganar da na yi shekara talatin ina jira ita ce ya faɗa, kuma a kan ƙarya ya faɗe ta. Tun ranar ba na iya cin abinci, motar tana warsha na lulluɓe ta, ko kallonta ba na son yi. Haramin na wanke shi sau uku, jan fentin bai fita ba.

'Yan uwa ku faɗa min tsakaninku da Allah. In kira Jidda a kawo waccan, in yi waldar, in zauna kusa da shi ina miƙa masa sufana, ina addu'a kada yatsunsa su gane? In kuma ya gane, da wane baki zan ce masa bayan na zubar da aikin Yaya har hannunsa na kwaikwaya? Ko in durƙusa in faɗa masa cewa abu na ƙarshe da ɗansa ya taɓa ni na ba da shi aka narka, ga shi likita ya ce a guji tayar masa da hankali? Wanda yake da tsoho a gida, wanda ya taɓa rasa ɗa, ku na fi son ji daga gare ku. Zagi ma na yarda, na cancanta, amma ku haɗa da shawara. Yau da safe da na je gaishe shi, na tarar yana zaune a bakin gado yana goge sufanun ɗaya bayan ɗaya, ya ware lamba sha uku a gefe, ya ce, "Auta, wannan taka ce."