Ƙofar da Na Zana a Bangon Gida

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya sanyin Jos? Mu lafiya lau.

Aikinmu na ƙarshen zango zane ne mai kama da gaske. Na zana buɗaɗɗiyar ƙofa a bangon tsakar gida, ana hango marigayi Baba yana ban ruwa a gonar shinkafarsa. Kawu Bala ya ce zana mutum haramun ne, zai shafe da farar ƙasa. Malaminmu kuwa sai Alhamis zai zo dubawa. In babu zanen, na faɗi.

Inna ta shimfiɗa tabarma ta jingina da bangon, ta ce sai dai Kawu ya haɗa da ita ya shafe.

Don Allah ka kira Kawu, ka sa mu a addu'a. A gaida yara.

Ƙanwarka,
Hadiza