Kan Sani Cikin Ruwa

Gazawa, daren Laraba, ƙarshen damina.

Maƙwabcina Idi tela ya kawo mini salularsa bayan la'asar. Ɗana Sani ya aiko da bidiyo daga Faransa: shi da taron jama'a suna iyo a tafki, don tara wa ƙungiyoyin agaji taimako, har da wadda ta cire mini yanar ido bara.

Kawuna kaɗai nake gani, kowa da jar hula.

"Baba, wanne ne naka?" in ji Idi.

Na daɗe ina dubawa. Na nuna wani can baya, yana ɗago kai kamar mai neman wani a bakin ruwa.

"Shi ne kuwa!" in ji Idi, wanda bai taɓa ganin Sani ba.

Ni ma ban tabbata ba. Amma wannan kan na yi wa addu'a.