Inuwar Hadiza

Safana, Talata. Da safe na auna ruwan jiya.

Ƙanwata Binta,

Assalamu alaikum. Ya Kaduna, ya maigida, ya jikin jariri? Mu nan lafiya lau, Inna ma ta samu sauƙi.

Ki gafarce ni, rana ta ƙona Hadizarki ran Asabar. Kin san fatar zabiya. Wata uku ina rubuta zafin kowace rana a littafina, a zatona zafi ke ƙuna. Ranar akwai gajimare da sanyi, sai na bari ta kai abinci gona. Ta dawo wuyanta jawur. Ashe abin da ke ƙunar yana ratsa gajimare.

Inna ta ce, "Malam, bokonka bai san yadda ake auna La'asar ba? Inuwa ake dubawa!" Wato in inuwa ta gajarta, rana ta fi ƙuna. Yanzu daga hantsi Hadiza tana ɗaki, ko da hadari, sai lokacin da inuwarta kan kai tsawonta. Da ƙafa take aunawa, tana dariya.

Ban tabbata na gane duka ba. Ki sa mu a addu'a, ki gaida mutanen gida.

Yayanki, Lawal.

Gobe:
shafa wa Hadiza man kaɗe;
sayo malafa a Batsari;
ba ta haƙuri, don ta roƙe ni kada in gaya maki.