Kurmancin da Likita Bai Gani Ba

Laraba, 5 ga Maris

An shafa mana toka a goshi a coci, azumi ya kama, duk ƙasar nan kowa kifi zai nema. Kifin kurbina ya fara hawowa bakin kogi daga teku. Efraín, mijin 'yata Maribel, ya gama ɗinkin raga ya ce mini, "Baba, a wanke kunne, bana ba wasa." Jirgi nasa, inji nasa, ni kunne ne kawai. A kashe inji, in kwanta rub da ciki, in manna kunne a gindin jirgi, in nuna inda suke. Kifin nan in ya taru zai zuba ƙwai gurnani yake yi kamar injin niƙa a ƙarƙashin ruwa. Da kuɗin makonnin nan gidan ke ci har shekara ta zagayo.

Litinin, 10 ga Maris

Mun cika jirgi, amma sai da na sha kwanciya kafin in ji su. Bayana kamar zai ɓalle.

Talata, 11 ga Maris

Taron ƙungiyar masunta. Yarinyar nan ta jami'a mai binciken kifi ta sake zuwa kan batun layin da aka ja a bakin kogi, inda aka hana zuba raga. Wai kifi yana ƙarewa. Abokina Hilario ya ce, "'Yata, zo ki ɗauki kwando ɗaya na jiya a kanki, sannan ki faɗa mana ya ƙare." Aka kwashe da dariya, har da ni. Ba ta ji haushi ba. Ta ce ko 'yan kaɗan suka rage a teku, wuri guda za su taru su yi ƙwai, mu kuma mu same su, jirgi ya yi ta cika har ranar da ba zai cika ba.

Ni na ji haushin. Layi a kan ruwa! Wa ya gaya wa kifi inda layin yake? Ruwan kogin da gonakin arewa suka shanye kafin ya iso gare mu fa, su wa ya ja musu layi? Mai raga kaɗai ake gani, don shi ne ba shi da kowa.

Alhamis, 13 ga Maris

Abin da ban faɗa wa kowa ba: kunnuwana suna tafiya. Zamanin mahaifina ba sai ka kwanta ba, a tafin ƙafa kake jin gurnanin, kofi na rawa a cikin kofin. Yanzu sai ka ce rediyon maƙwabci ta bayan bango. Kowace shekara yana ƙara nisa. Tsufa dai bai yi ba. In kunnen ya tafi, ni mene ne a jirgin nan, buhun yashi?

Talata, 18 ga Maris

Efraín ya kai ƙarata gida. Maribel ta tsare ni a bakin murhu tana gasa tortiya, wainarmu ta masara, wai sai na je an duba kunnena. Halin uwarta sak, Allah ya ji ƙanta. Na ce to, don a bar ni in ci abinci.

Laraba, 26 ga Maris

Ko rabin jirgi ba mu yi ba. Wasu sun tsallaka layi sun fito da kaya. Da muka ja jirgi kan yashi sai Efraín ya ce, "Baba, kowa na shiga. Zuwan kifi ɗaya ya rage mana bana. In ka ji su a ciki, mu faɗa mu fito, shi ke nan." Na ce in aka kama mu jirgin za a ƙwace. Ya ce in ba mu shiga ba shi da kansa zai sayar da shi. Ba mugu ba ne. Tsoro yake ji, ga Maribel da tsohon ciki.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Birnin San Luis, ni kaɗai a bas. Likita ya sa ni a wani ɗaki kamar akwati, ya toshe mini kunnuwa da abin sauraro, ya ce in ɗaga hannu duk sanda na ji ƙara. Na yi ta ɗagawa har na gaji. Ya yi dariya ya ce, "Baba Rosendo, ka fi ni ji. Wa ya ce maka kana kurmancewa?"

Na fito na zauna a tasha, ko ruwa na kasa sha. Da na so ya ce kunnen ne, don in ba shi ba ne, gurnanin ne ke raguwa. Wallahi da na so.

Maribel ta tambaya, na ce sakamako bai fito ba, sai an kira ni.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Bayan azahar muka kashe inji daf da layi. Na kwanta. Na ji su sarai, tas, a ciki ta hannun hagu, taro ɗaya tak wanda bai fi filin ƙwallon makaranta ba. Na juya kunne gabas, shiru. Kudu, shiru. Tekun da a dā na sani yana ruri tun daga nan har inda ido ya ƙare, yau ga shi shiru.

Efraín ya ce, "Baba, yaya? Suna ciki?"

Na daɗe a kwance. Na tashi na ce ba na jin komai, likita ya ce kunnen ya gama aiki. Ya dube ni, ya dubi ruwa, ya tada inji. Mun dawo da abin da bai biya kuɗin mai ba.

Ban ce yarinyar nan tana da gaskiya ba. Layin banza ne har gobe, kuma wataƙila Hilario ya kwashe su da safe. Na gaji ne kawai. Efraín zai nemi wani kunnen baɗi, in jirgin ya kai baɗi.

Da yamma Maribel ta ajiye mini miya, ta sunkuyo ta ɗaga murya, "Baba, ka ci!" Har rawar da muryarta ke yi na ji. Na ce, "Na'am?"