Wanda Ya Yarda Ya Miƙe

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Allah ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwar nan da kika ce yana tashi, ya ƙara rufa asiri, ya raya mana zuri'a. Mu nan alhamdu lillahi. Inna tana nan da ƙarfinta, sai dai kunne ya ƙara nauyi, yanzu in mutum ya gaishe ta sai ta amsa masa tambayar da bai yi ba. Maman yara ta koma aiki tun da aka gyara mata keken ɗinki. Auta ya shiga aji huɗu, kuma har yanzu takalmi ba ya kai masa ƙarshen zango. Ni ma ina nan a siton magungunan da kika sani, sai dai bayana ya fara gaya mini shekaruna.

Na daɗe ina juya wannan magana. Kin san halina, duk abin da ya faru da rana sai na zauna na rubuta shi a littafina. Wannan kuwa na rubuta, na karanta, na sake karantawa, ban gane ko na yi daidai ba, ban ma gane ko akwai daidai a ciki ba. Shi ya sa na ce bari in kawo miki. Maganar 'yata ce, takwararki.

Ke kika fara aiko mata da littattafan nan na kumbo da 'yan sama jannati da halittun wasu duniyoyi, tun tana ƙarama, lokacin da shan inna ya zaunar da ita sauran yara suna guje-guje a waje. To abin ya bi jikinta. Shekara biyu ke nan da ta gano wata ƙungiya ta masu son irin waɗannan labarai, samari da 'yan mata, yawancinsu ɗalibai, suna haɗuwa kowace Asabar da la'asar a wani ɗaki da ke saman shagon littattafai. Ɗakin suke kira Kumbo. Shugabansu wani saurayi ne mai natsuwa, ma'aikacin asibiti, suna ce masa Kyaftin. Da hannunsu suka shafe silin ɗakin da baƙin fenti, suka ɗiɗɗiga taurari, kowane sabon shiga sai ya hau tebur ya ɗiga nasa. Takwararki kuwa dogon kara aka ɗaura wa burushi aka miƙa mata, tauraronta ya fito a karkace, ta ce haka take son sa. Yaya, ranar Asabar yarinyar nan wata ce daban. Tun safe take wanka, ta yi ta faɗa da Auta a kan guga. A can take karanta musu labaran da take rubutawa. Akwai wanda ta yi a kan wata gurguwa matuƙiyar kumbo, wadda ta fi kowa iya aiki saboda a can sama babu nauyi, ƙafa kaya ce kawai mutum yake ja. Wani dogon yaro mai barkwanci, Dogo suke ce masa, ya ce mata ai nan da shekara dubu an gama da irin wannan ciwo, ina za a sami gurguwa a kumbo. Ta ce masa ta lura da haka a duk littattafan da ta karanta, irinta ba sa nan, ko dai an warkar da su ko kuma an tashi an bar su a ƙasa, kuma babu marubucin da ya taɓa faɗin wanne ne. Aka yi ta tafa mata.

Matsalar ita ce benen. Matakalar ƙunci ne da ita, ga kwana a tsakiya. Ni nake goya ta in hau da ita, samari su biyo mu da kekenta, in zauna a bakin ƙofa har a tashi, in sake goyo ta mu sauko. Ban taɓa jin nauyin abin ba, har watan jiya da na sunkuya ɗaukar katan a wurin aiki na kasa miƙewa. Likita ya ce jijiya ce ta danne a ƙashin baya, kuma in ina son in ci gaba da tafiya da ƙafafuna, kada in ƙara ɗaukar abin da ya fi butar alwala. Ita kuma ba yarinya ba ce yanzu, shekararta goma sha takwas. Ba zai yiwu samari su riƙa ɗaukar ta ba, ita kanta ba za ta yarda ba, maman yara kuwa ko zancen ba ta son ji.

Sai ta yi shawara. A ƙasa, bayan shagon, akwai wani ɗaki da ake tara katan-katan, kuma mai shagon ya ce in za su share, su ɗauka. Ba shi da taga sosai, bai kai na sama faɗi ba, amma keke yana shiga da kansa. Ta ce za ta kawo maganar a taro a yi ƙuri'a. Ranar na ɗaure bayana da ɗamara na goya ta ba da sanin likita ba. A hanya ta roƙe ni alfarma ɗaya, cewa duk abin da zai faru kada in sa baki, domin ta gaji da a riƙa yi mata magana tana zaune a wurin. Na yi mata alkawari.

Yanzu ga yadda suke ƙuri'a, kuma a nan abin yake. Al'adarsu ce tun kafa ƙungiyar, wai haka ma'aikatan kumbo suke yi a gaban shugabansu: wanda ya yarda ya miƙe tsaye, wanda ya zauna bai yarda ba. Duk tsawon zamanta a cikinsu ba a taɓa yin ƙuri'ar da ta raba kai ba. Ko wane fim za a kalla, ko wane launi za a yi wa riga, ɗakin gaba ɗaya yake miƙewa da shewa, ita ta ɗaga hannu, ba wanda ya tsaya ƙirge. Wannan karon ɗakin ya rabu. Ta yi bayaninta tiryan-tiryan, ba kuka, ba roƙo. Wasu suka ce gaskiya ta faɗa. Wasu suka ce suna ƙaunarta, amma taurarin fa, shekara da shekaru ana ɗiga su, har da na wani abokinsu da ya rasu. Ban ga laifinsu ba, Yaya, ni ma na saba da silin nan. Kyaftin ya ce wanda ya yarda a koma ƙasa ya miƙe. Yarinyar da ke ƙirge, Mai Tabarau, ƙawarta ce ta ƙut da ƙut, kuma ita ma a tsaye take. Ta ƙirga kawunan da ke sama, ta ƙirga na zaune, ta ce na zaune sun fi da mutum ɗaya, magana ta faɗi. Hannun takwararki yana sama har lokacin. An ƙirga ta cikin waɗanda ba su yarda da maganarta ba.

Ina bakin ƙofa ina gani. Bakina ya buɗe, na tuna alkawari, na rufe. Ita ce ta yi magana. Ta tambayi Mai Tabarau a wane ɓangare ta sa ta. Yarinyar ta dubi hannun, ta dubi keken, ta dafe baki. Takwararki ta yi 'yar dariya ta ce ashe shekara biyu duk abin da aka kawo ita ce 'yar adawa ba ta sani ba. Kyaftin ya ji kunya ƙwarai, ya ce kuskure ne a gyara. Sai wani daga cikin na zaune, ɗalibin shari'a, ya ce ba ya jayayya da ita, amma dokarsu miƙewa ta ce, ba ta ce hannu ba, in za a karɓi hannu sai an canja doka, canja doka kuma sai da ƙuri'a. Aka tambaye shi wace irin ƙuri'a, ya ce ta miƙewa mana. Wasu suka fashe da dariya. Dogo, don ya sassauta abin, ya ce su taru su ɗaga ta sama kamar kofin ƙwallo, ta fi kowa tsayi, a ƙirga ta biyu. Na san ba da mugunta ya faɗa ba, yaron yana cikin waɗanda suka miƙe. Amma na ga yadda ta sauke hannunta a hankali ta ɗora a cinya. Aka yi ta ka-ce-na-ce har magariba ta gabato. A ƙarshe aka ce a ajiye maganar sai bayan babban taronsu na shekara, domin an riga an buga takardun talla da adireshin ɗakin sama. Na ga takardar a manne a ƙofar shagon da muka sauko. Hotonta ne a tsakiya, cikin rigar matuƙan kumbo da mamanta ta ɗinka mata, an rubuta a ƙasa cewa a wannan kumbo akwai wurin kowa.

Ban ce yaran nan miyagu ne ba. Kyaftin ya zo har gida da mutum uku, suka durƙusa suka gaishe da Inna, suka ba da haƙuri. Ya ce samari sun yarda za su riƙa karɓa-karɓa wajen ɗaukar ta. Ta yi godiya ta ce a'a. Ya ce to za su riƙa kiran ta a waya ta bidiyo. An gwada Asabar ɗaya. Suka jingina wayar a kan kujera, aka gaisa da ita da murna, can musu ya yi zafi wani ya ture kujerar, wayar ta kwanta. Ta zauna a tsakar gida riƙe da tata tana kallon silin, tana jin dariyarsu, tana cewa ga ni nan, ba wanda ya ji. Da ta gaji ta kashe. Sai bayan an tashi Mai Tabarau ta kira tana ba da haƙuri.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne, waɗannan su ne mafi kirki da na sani. Yara ne da suke kwana suna tunanin yadda duniya za ta zama nan da shekara dubu, suna musu a kan ko mutum-mutumi yana da haƙƙi. In su ba su gan ta ba, wa zai gan ta? A wurin aikinmu an yi gangara ta masu keke a bakin ƙofa lokacin da manyan baƙi za su zo, yau a kanta muke ajiye babura, har da nawa. A makarantarsu duk hoton da za a ɗauka ita ce a gaba, amma ɗakin gwaje-gwajen kimiyya a sama yake, ba ta taɓa ganin cikinsa ba har ta gama. Ni kuma ina ta tambayar kaina ko goyon da na yi ta yi ne ya ɓata abin. Da tun ranar farko na tsaya a ƙasa na ce ba ta iya hawa, wataƙila da sun sauko tun ba su saba da ganin ta a sama ba. Na sauƙaƙa musu, har suka manta akwai bene. Ko kuma da na yi hakan da ba ta sami ko shekara biyun ba. Ban sani ba, Yaya.

Asabar da ta wuce na sake ɗaure ɗamarata na ce mata ta shirya, zan iya. Ta dube ni ta ce in kwance abin nan kafin mu zama biyu a gidan. Ta ce kuma ba bayana ne kaɗai ba, ko da an sauko ƙasa gobe, ta riga ta ga waɗanda suka zauna, kuma za ta riƙa ganin su. Ba ta yi kuka ba. Ta kama tsince wa mamanta zare a jikin ɗinki, abin da ta tsana tun tana ƙarama. Rubutu kuwa ban ƙara ganin ta da biro ba. Babban taron nasu saura mako biyu, har yau hotonta yana manne a gari, maƙwabta suna tare ni suna yi mini barka.

Jiya da nake neman ambulan ta tambaye ni wa zan rubuta wa, na ce ke. Sai ta ce in tambaye ki, a can inda kuke, irinta suna shiga wuri da kansu ko su ma sai an ɗauke su. To ga tambayar na isar. In amsar mai daɗi ce, ki rubuto mata da hannunki, kin san maganarki tana shiga kunnenta fiye da tawa. In kuwa can ma haka abin yake, don Allah ki rubuto mini ni kaɗai, zan ce mata takardarki ba ta iso ba tukuna.

Ki gaishe mini da maigida da kyau, da Babban Yaya in kun yi waya, da 'Yan Biyu, da Baby da na ji an ce ta fara tafiya. Inna tana sa miki albarka, ta ce ki daina aiko mata da maganin da ba ta iya karanta sunansa. Maman yara da Auta suna gaisuwa. Takwararki ma ta ce a gaishe ki. Ki sa mu a addu'a. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne ƙaninki,
Baban Takwara